Amsa ga ƙanenmu da aka yi wa ca bayan wasansa

Ƙanena, tun da na karanta tambayarka bayan sallar asuba hankalina bai kwanta ba. Ka ce kun gama wasan rawa, kun zauna tattaunawa, 'yan kallo suka zuba maka ido ba wanda ya ce uffan, kashegari kuma ka tarar ana yawo da guntun bidiyonka a Facebook ana zagi. Kana tambaya ko ka mayar da martani, ko ma ka daina zaman tattaunawar baki ɗaya. Wallahi kamar labarina kake bayarwa.

Ni da koroso na fara, shekara 6 ina ɗaura akayau ina bin sarewa. A can ba sai ka tambayi kowa ba, in ka burge za ka ji guɗa, ka ga liƙi a goshinka. Da na je horo La Termitière a Wagadugu, cibiyar rawa da masu tsara rawa Salia Sanou da Seydou Boro suka buɗe a 2006, sai na dawo da rawar da ba ta da kiɗan da za a bi da tafi. Wasana na farko a Kaduna a kan mutanenmu ne da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu. Minti 25, ni kaɗai, da naɗaɗɗiyar tabarma da buta. Akwai wurin da nake zubewa ƙasa ina rarrafe, jikina na karkarwa.

Wani bawan Allah ya shigo a makare ya tsaya bakin ƙofa. Daga kan dandamali ina hango hasken wayarsa. Daƙiƙa 30 ya ɗauka, daidai wurin rarrafen nan, ya fice tun kafin a kunna fitilu. Bai ga farko ba, bai ga ƙarshe ba, bai tsaya ya tambaye ni komai ba alhali kujera na nan an ajiye wa kowa. A daren ya rubuta dogon sharhi, wai bori ne ya dawo cikin rigar Turawa, wai biyanmu ake yi mu ɓata tarbiyya. Ni da kuɗin adashena na kama zauren nan! Abin da ya fi ci mini rai, mutumin ya iya Hausa, alƙalaminsa na da kaifi, da ya zauna ya kalla da ya rubuta abin da zai amfane mu duka. A ƙarƙashin rubutun wannan ya ce ɗan daudu, wancan ya ce a kai ni a yi mini ruƙiyya. Kafin la'asar abin ya isa gidanmu. Hajiya ta kira ni, muryarta na rawa, ta ce, "Me na yi maka da za ka sa a riƙa nuna ni?" Baba ya yi kwana uku bai fita majalisa ba. Ƙarfe biyun dare na zauna na rubuta wa mutumin amsa mai zafi, ya ɗauki hotonta ya sake liƙawa, aka buɗe sabon zagi. Bayan shekara muka haɗu a wani ɗaurin aure, ya miƙo mini hannu yana fara'a kamar ba shi ba. Har yau bai ce in yafe masa ba.

Don haka ina roƙonka, kada ka rubuta komai cikin fushi. In ka huce, saka cikakken bidiyon da bayani layi biyu, ka yi shiru. Gaba kuma kafin a fara wasa a tashi a faɗa da Hausa cewa a ajiye wayoyi, ka sa mutum a bakin ƙofa.

Amma zaman tattaunawa kada ka bar shi. Shirun nan ba ƙi ba ne. Mutanenmu na da kunya, kuma mu ne muke ɓata abin da tambayar "kun gane?", sai kowa ya ji kamar jarrabawa ake masa. Wata mai tsara rawa Ba'amurkiya, Liz Lerman, ta fito da wani tsari a 1990 wanda ya cece ni. Da farko 'yan kallo su faɗi abin da ya taɓa su, sai mai wasa ya yi musu tambayoyinsa, sai su tambaye shi ba tare da cusa hukunci a cikin tambayar ba, ra'ayi kuwa sai a ƙarshe, shi ma sai an nemi izininsa. Ni dai na mayar da shi namu. Ina sauka daga dandamali, a shimfiɗa tabarmi, a zagaya da zoɓo, a kashe makirfo, don da ka miƙa wa mutum makirfo jawabi zai yi maka. Sai in ce, "Wane wuri ne ya tsaya muku a rai?" Kuma da Hausa, ƙanena. Da ka fara da Turanci ka kori rabin zauren.

Ranar da na sake yin wasan da wannan tsari, wata dattijuwa da ta yi gudun hijira daga wajen Zamfara ta daɗe tana murza bakin mayafinta, can ta ce, "Ɗana, haka muka yi rarrafe cikin gonar dawa, jikata na goye a bayana. Amma mu ba mu ɗauko buta ba, ba mu samu sarari ba." Zauren ya yi tsit. Na koma gida na cire butar daga wasan. Gyara ne ta yi mini, mai zafi ma, amma na wanda ya kalla.

Ka ajiye littafi da biro a bakin ƙofa, ka kuma ba da lambar WhatsApp, wasu sai bayan kwana biyu za su aiko maka da saƙon murya. Ni fa abin da ke damuna, ba mu da masu rubuta sharhin rawa da Hausa, shi ya sa mai waya a bakin ƙofa yake zama alƙali. A cikinmu nan akwai masu alƙalami, don Allah ku riƙa zuwa kuna rubutawa, ko da kushe ne.

Iyayenka sun gani? In ba su gani ba, je ka yau ka nuna musu cikakken wasan da hannunka kafin wani ya kai musu guntu. Ni wannan ne ban yi ba, kuma Hajiya sai da ta yi wata biyu kafin ta yarda ta kalla. Ka turo mini bidiyon ta akwatina, zan kalla daga farko har ƙarshe in kira ka bayan isha'i.