Man ƙwallon inabi: shin zai biya wa manominmu buƙata?

Tambaya: Wani manomin inabi daga yankin Kudan a jihar Kaduna ya ce ya ga ana sayar da man ƙwallon inabi da tsada a manyan kantuna, yana son sanin ko zai iya tatsar nasa.

Amsa: Malam, kafin ka sayi injin matsa, ya kamata ka san cewa babu inda ake noma inabi domin mansa kaɗai. Ƙasashen da suka yi fice wajen samar da shi, irin su Italiya da Faransa da Sifaniya, suna samun ƙwallon ne daga tuƙar da ta rage bayan masana'antun giya da na lemo sun matse inabi, wato abin da a da ake zubarwa. Ƙwallon bai cika wuce kashi 5 cikin ɗari na nauyin inabi ba, man da ke cikinsa kuma yakan tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 20, alhali gyaɗa da riɗi suna kusantar kashi 50. Saboda haka tan guda na inabi 'yan litoci kaɗan zai ba ka, shi ya sa manyan masana'antu ke amfani da sinadarin hekzen, mai narkar da mai, su tsotse man da matsa ta bari.

Inabin Kudan kuwa na ci ne, ɗanye ake kai shi kasuwa, ƙwallonsa yana ƙarewa a hannun wanda ya saya ya tofar. Sai fa idan ƙungiyarku ta manoma ta kai ga kafa masana'antar matse ruwan inabi, a nan ne ƙwallon zai taru wuri guda har lissafi ya fita.

Tambaya: In an samu ƙwallon, yaya ake sarrafa shi, wa kuma zai saya?

Amsa: A raba shi da ɓawo nan take, a shanya shi har danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 10, domin tuƙa mai laima ba ta jimawa take tsami ta yi fumfuna, man ya lalace. A matse ba tare da zafi ba, a tace, a zuba a kwalba mai duhu, don haske da iska suna saurin sa shi ɗaci. Kasuwarsa a wurinmu tana hannun masu haɗa man shafawa da na gashi, saboda ba shi da nauyi a fata. A wajen suya kuwa ba zai iya gogayya da man gyaɗa a farashi ba.