Ruwan lagireto na raguwa, ga ƙauri: me zan fara saye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006, 'yar Kwatano. Wata biyu ke nan duk bayan kwana uku sai na ƙara mata ruwa, amma ban taɓa ganin ɗigo a inda take kwana ba. Kwanan nan kuma idan na dawo daga Kaduna na tsaya, sai in ji ƙauri yana tashi daga bonet. Wani bakanike ya ce in sayi sabon lagireto, wani ya ce gasket ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, sai an buɗe kan inji, abokina kuma ya ce in sayi maganin toshe yoyo in zuba. Wanne zan bi? Daga wani malamin makaranta, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Riƙe kuɗinka tukuna. A cikin mutum ukun nan babu wanda ka ce ya gwada motar, kowa da ka ya yanke hukunci, kuma kai za ka biya kuɗin cankar.

Rashin ganin ɗigo a ƙasa bai wanke motar ba. Idan inji ya ɗauki zafi, ruwan yana cikin matsi ne, domin murfin lagireto yana riƙe shi har wajen 0.9 zuwa 1.1 a ma'aunin matsi da ake kira bar, kamar yadda za ka gani a rubuce a kansa. Wannan matsin ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 120. Ƙaramar tsaga ba ta buɗe baki sai a lokacin, kana kan hanya, kuma abin da ya tsarto a jikin ƙarfe mai zafi yake sauka ya bi iska. Kafin ka iso gida ka kashe mota, tsagar ta tsuke bakinta. Na taɓa tsayawa a wani gareji ana neman irin wannan yoyon kwana biyu. Da aka kawo famfon gwaji aka matsa, sai ga ruwa siriri kamar zaren ɗinki yana fita daga wani ɗan tiyo a bayan inji, daidai ƙarƙashin zoben da ya ɗaure shi. Mai motar kuwa har ya riga ya sayo lagireto, yana cikin but.

Sai batun ƙaurin, kuma a nan ina so ka yi amfani da hancinka sosai. Ruwan sanyaya inji na kwalba, wanda kanikawa ke cewa kulan, idan ya zuba a wuri mai zafi warinsa zaƙi-zaƙi ne, kamar sukari ya kama a tukunya. To amma wata biyu kana ƙara ruwan famfo, ina zargin abin da ya rage a motarka kusan ruwa ne zalla, shi kuwa tururi kawai yake yi. Saboda haka ƙaurin naka yana iya zama na wani abu dabam. Idan mai ɗaci ne mai kama maƙogwaro, baƙin mai ne ke ɗiga a kan bututun hayaƙi, galibi daga robar murfin saman inji da zafi ya busar. Idan na roba ne, duba fambel: a irin motarka shi ke juya famfon ruwa, famfon da ya fara cijewa kuwa yakan yi yoyo, ya kuma sa bel ɗin ya riƙa goga. Idan warin waya ne, a duba fanka da wayoyinta. Kafin duk wannan ma, leƙa ƙasan motar. Sau nawa aka tayar da hankali, ashe leda ce ta manne a salansa tana narkewa.

Gobe da safe, kafin ka tayar da ita, ɗauki tocila. Ruwa ya bushe, amma ya bar sawu: wani fari-fari ko ruwan hoda kamar gishiri ya bushe a jikin tulu. Neme shi a inda robar saman lagireto ta haɗu da alminiyon, a bakin kowane tiyo, da ƙarƙashin famfon ruwa. Shafa kafet ta gefen mai zaman gaba. In da danshi, ɗan lagireton hita ne da ke cikin dashbod ke yoyo. Juya murfin lagireto ka ga robarsa. In ta tsattsage, murfin ya daina riƙe matsi, ruwa na tafasa da wuri ya fice ta robar ajiyar ruwa da ke haɗe da lagireto. Murfin nan shi ne mafi arha a duk kayan da muke magana a kai, kuma shi aka fi mantawa.

Gasket yana da nasa shaidun. Man inji ya koma kalar shayi mai madara. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa ko mota ta yi zafi (ban da ɗan tururin safiyar hunturu, wannan ba komai ba ne). Kumfa na ta tasowa a bakin lagireto idan ka tayar da ita da sanyi murfi a buɗe. Inji ya riƙa karkarwa da safe na ɗan lokaci, ko a ciro fulogi a ga ɗaya fes kamar an wanke shi. Ko da waɗannan, kada ka yarda a taɓa kan inji sai an yi gwaji biyu: na famfon matsi a bakin lagireto, a bar shi kamar minti 15 a ga ko allura za ta sauka, da na wani ruwa shuɗi da ke komawa ɗorawa idan hayaƙin inji na shiga cikin ruwan. Garejin da ba shi da kayan nan, gaishe su da aiki ka nemi wani. Kuɗin gwaji bai kama ƙafar kuɗin buɗe inji ba.

In gwaji ya nuna lagireto ne, kuma robar ce ta tsage, manta da gam, ba ya jure zafi da matsi. Tsakanin sabo da ɗan Beljiyam, ni a lagireto sabo nake zaɓa, domin robar ɗan Beljiyam sa'ar taka ce, tsufan da ya kashe taka yana jikinta. In dole sai shi, a Ƙofar Ruwa ne ko a Panteka, sa a toshe bakunansa a hura iska a tsoma shi cikin ruwa a gabanka. Idan giyarka otomatik ce, tabbatar yana da bakunan man giya a ƙasa. In kuma gasket ne, a auna kan injin ko ya lanƙwashe, don alminiyo ne, sannan a gano abin da ya jawo zafin tun farko, in ba haka ba sabon ma zai bi tsohon.

Maganin toshe yoyo, da ƙwai da barkono da wasu direbobi ke zubawa, na mai neman isa gida daga Jaji da dare ne. Maganin bai san bambancin ramin yoyo da siraran hanyoyin lagireto ba, duk toshewa yake yi. Kuma don Allah kada ka buɗe murfin lagireto mota tana da zafi. Ruwan yana tsalle ne har fuska.

Tambaya: Mijina ya ce kulan na ƙasashen ƙanƙara ne, mu ruwan burtsatse ya ishe mu. Na je saye kuma na ga kore, da ja, da shuɗi, na rasa na ɗauka. Daga wata 'yar kasuwa, Kano.

Amsa: Hajiya, a gaishe da maigida, amma a nan kam rabin gaskiya ya riƙe. Hana daskarewa ɗaya ne kawai daga cikin ayyukan kulan. Yana ɗaga ma'aunin tafasa, yana kuma ɗauke da sinadaran hana tsatsa. Ruwan burtsatse kuwa, dubi cikin butar da kike dafa ruwa, farin dattin nan da ke manne mata shi yake taruwa a lagireto. Kada ki bi kala, rini ce kawai, kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kanta ba. Karanta jikin galan ki ga ko ya dace da motarki. Na Toyota ja ne ko ruwan hoda, na Honda shuɗi. Wanda aka rubuta 50/50 an riga an sirka shi, kada a ƙara masa ruwa. Wanda ba a sirka ba, da tataccen ruwa irin na batir ake haɗa shi, rabi da rabi. A zubar da tsohon a wanke hanyar kafin a zuba sabo, kada a gauraya iri biyu. Ragowar kuma a ɗaga ta sama nesa da yara da dabbobi, kada a juye ta a gorar lemo: yana da zaƙi a baki, kuma guba ne mai lalata ƙoda.