Gitar bas mai firet 24 ko mai 20?

Malam, ka tambaya ko ka sayi gitar bas mai firet 24 maimakon mai 20. Firet su ne 'yan ƙarafan da ke gicciye a wuyan gita, inda kake danna tsirkiya don canza sauti. Gita samfurin Fender Jazz ta asali 20 gare ta, yawancin Ibanez SR kuwa 24, wato a mai 24 kowace tsirkiya tana ba ka oktaf biyu cif (oktaf shi ne zangon sauti daga do zuwa do na gaba). In kana yawan kaɗa solo, wato kiɗanka kai kaɗai, a sautuka na can sama, ƙarin huɗun nan za su yi maka rana. Amma ka rataya ta ka gwada tukuna. In yankan jikinta na gindin wuya bai yi zurfi ba, yatsunka ba za su kai firet na ƙarshe ba, ka biya kuɗin abin da ba ka taɓawa. In kuwa sauti mai kauri kake nema, ni dai gara mai tsirkiya biyar, tana sauka har sautin B, ƙasa da inda mai tsirkiya huɗu ke kaiwa.