Amsa: tambayar kansil a Ingila kan kashin kare a unguwa

Malam, kan ko za ka iya sanin mutum nawa kansil ɗinku (wato ƙaramar hukumarku) ya ci tara saboda barin kashin kare a hanya, ai dokar 'yancin samun bayanai (FOI) ta 2000 ta ba ka dama, imel kawai za ka tura ko ta shafin intanet na tura irin wannan tambaya, WhatDoTheyKnow, ba sai ka faɗi dalili ba amma sa sunanka na gaskiya. Kwana 20 na aiki gare su su amsa. Kar dai ka ce ku ban komai, wallahi da tsada za su fake, in aikin ya haura fam 450 suna iya ƙi. Ce musu tara nawa aka yanka bara, karnuka nawa jami'in kula da karnuka ya kama. In sun share ka sai ka kai ƙara ICO, ofishin da ke sa ido kan wannan doka.