Surukata na kwance, an ce in ajiye aiki

Tambaya: Gwaggo, ina gaishe ki. Ina aiki a wani kantin magani a nan Tawa, yarana uku, ƙaramin yana goye. Maigidana yana Abijan yana nema kamar yawancin mazan Adar, sai da salla muke ganinsa. Hawan jini ya kayar da surukata, ɓarin jikinta ya shanye, aka kawo ta gidana. Ni ce wanka, ni ce abinci, ni ce kai ta likita. Yanzu ƙannen maigida sun ce ko in ajiye aiki, ko in cire babbar ɗiyata daga makaranta ta zauna da ita. Ina ƙaunar Inna, amma albashina ne ke riƙe gidan idan saƙo ya yi jinkiri. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗiyata, Allah Ya ba Inna lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri. Kada ki ajiye aikin nan, kuma kada ki taɓa karatun yarinyar. Wannan na biyun shi ya fi tayar mini da hankali, domin ɗiyar da aka cire "kafin tsohuwa ta ji sauƙi" ba kasafai take komawa aji ba.

Jinyar uwa a wuyan ’ya’yanta take, maza da mata. Malamai sun sha faɗin haka. Abin da kike yi kyautatawa ce, kina da ladarta, amma bai ɗauke wa kowa nauyinsa ba. Sun ga kina yi ba ki ce uffan ba, shi ya sa suka ɗauka aikin ba shi da yawa. To, ki nuna musu shi. Ki kira maigidanki a natse, ba lokacin da ranki ke ɓace ba, ki lissafa masa yinin Inna: juya ta kusan kowane awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama ta, wanke zannuwa, ɗura kunu a hankali don kada ta sarƙe, maganin hawan jini da ba a tsallake shi ko na kwana ɗaya, motsa mata hannu da ƙafa kamar yadda likita ya nuna. Shi zai yi wa ƙannensa magana, ba ke ba. Daga bakinki za a ce kin gaji da uwarsu. Daga bakinsa umarnin babban wa ne. Idan akwai kawu ko baba da suke jin nauyinsa, a sa shi ciki.

Abin da za ku nema a fili yake. A samo mace babba mai haƙuri, ko daga dangi ko daga unguwa, ta riƙa yini da Inna, a yanka mata kuɗin wata, kowane ɗa ya san jika nawa ke kansa. Kuɗin jinyar a turo shi daban ta Nita ko Amana, kada a haɗa da na cefane. ’Ya’yanta mata su karɓi kwana bi da bi, musamman makon da kantinku ke gadi, wato aikin dare.

A wurin aiki kuma kina da haƙƙi. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ba mai shayarwa hutun awa ɗaya a kowace ranar aiki har jariri ya cika shekara. Ki roƙi mai kantin, cikin girmamawa, a haɗa miki awar da hutun rana, ki leƙa gida ki shayar, ki duba Inna. Ki kuma tabbata sunanki yana CNSS, wato asusun ƙasa na fanshon ma’aikata. Wannan rajistar ce fanshonki, kuma ranar da kika ajiye aiki zubin ya tsaya.

Na lura ba ki ce komai game da lafiyarki ba. Mai goyo, ga ɗaga babban mutum safe da yamma, bayanki zai gaya miki. Kada ki ɗaga ta ke kaɗai. Ga abin awo nan a kantinku, ki riƙa auna jininki. Ran Juma’a da yamma ko Lahadi, ki bar wa wata ɗakin ki je gidanku ki kwanta.