Tallafin Kanada ga 'yan kasuwar da harajin Amurka ya shafa

Ka tambaya ko gwamnatin Kanada na raba wa ƙananan 'yan kasuwa kuɗi kyauta saboda harajin da Amurka ta ɗora wa kayan Kanada. Gaskiya yawancin tallafin bashi ne. A Maris 2025 ta ware dalar Kanada miliyan 500 ta bankin BDC, wato bankin gwamnati mai tallafa wa 'yan kasuwa, don rance mai sauƙin ruwa, da biliyan 5 ta hannun EDC, hukumar gwamnati mai tallafa wa cinikin waje, don masu fitar da kaya.

Tanadi bayanan kuɗin kamfaninka da rasitan da ke nuna yawan cinikinka da Amurka. Nan ake faɗuwa: kasuwar da ke asara tun kafin harajin da wuya a ba ta. Amma fara duba ko kayanka sun cika sharuɗɗan CUSMA, wato yarjejeniyar ciniki tsakanin Kanada, Amurka da Mexico, domin irin waɗannan an yafe wa akasarinsu harajin.