Tambaya da Amsa kan Motoci: Sauya manhajar giyar otomatik don ta riƙa shiga da ƙarfi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ina da BMW 328i ƙirar 2013 wadda na saya 'yar Kwatano, kuma yanzu ta haura kilomita 160,000. Giyarta otomatik ce, amma tana jan lokaci wajen sauyawa, musamman idan na taka totur zan wuce babbar mota a kan hanya. Wani mai aikin kwamfutar mota ya ce zai iya sauya manhajar giyar ta riƙa shiga da sauri da ƙarfi. Shin wannan aiki gaskiya ne, kuma ba zai kashe mini giya ba? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, na gode. Aikin gaskiya ne, ana yin sa a duniya, kuma giyar da ke cikin motarka tana cikin waɗanda aka fi yi wa shi. Sai dai ban goyi bayan ka fara da shi ba, kuma dalilina yana cikin yadda giyar take aiki.

Motarka tana ɗauke da giyar kamfanin ZF na Jamus mai suna 8HP45, mai matakai 8, wadda aka ƙera don ta ɗauki ƙarfin juyi har 450 Nm, alhali injin 328i yana ba da 350 Nm ne. A cikinta akwai rukunin kuloci 5, kuma a kowane mataki 3 suna kama, 2 suna sake. Idan za ta tashi daga ta uku zuwa ta huɗu, ɗaya ne yake saki, ɗaya kuma ya kama, kamar mutum biyu da ke miƙa wa juna kaya mai nauyi, wanda dole wancan ya fara riƙewa kafin wannan ya gama saki. Matsin man giya ne yake danna kulocin, ƙananan bawul masu aiki da lantarki da ake kira solinoyid su ke buɗe wa man hanya, ƙwaƙwalwar giyar kuma, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa ta, ita ke ba su umarni. A daidai lokacin sauyawar, ƙwaƙwalwar giya tana neman ta inji ta ɗan rage ƙarfi na ɗan lokaci, domin kulocin ya samu ya kama ba tare da fizga ba.

Masu ƙera mota suna barin kulocin ya ɗan zame kafin ya kama gaba ɗaya, saboda mafi yawan masu saye sun fi son kada su ji shigar giya ko kaɗan. Abin da mai sauya manhaja yake yi shi ne ya ƙara matsin mai, ya gajarta lokacin zamewar, ya sauya gudun injin da giya ke sauyawa a kai, wani lokaci kuma ya ɗaga iyakar ƙarfin da aka yarje wa giyar ta karɓa. Akwai gaskiya a maganar da suke yi cewa shiga da ƙarfi na iya rage cin kuloci, domin zamewa ita ce ke haifar da zafi da gogayya. Amma ƙarfin da aka hana shi narkewa a cikin kuloci ba ɓacewa yake yi ba, wucewa yake yi zuwa shaf, da giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya, da robobin da inji da giya ke zaune a kansu. A motar da ta shekara fiye da 10, ta kuma sha ramukan hanya, waɗannan robobin su ne za su fara kuka.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne jan lokacin da ka ambata. Lafiyayyar 8HP ba ta da nawa, domin kamfanin da ya ƙera ta ya ce tana iya sauyawa cikin kimanin daƙiƙa 0.2. Idan taka tana jinkiri, ko inji yana ɗaga murya tsakanin mataki da mataki kafin ta kama, to alamar ciwo ce, kuma ƙara matsi a kan kulocin da ya riga ya cinye ɓoye ciwon kawai zai yi na wasu watanni, har ranar da giyar za ta daina ja gaba ɗaya.

Saboda haka ka fara da mai. BMW ya daɗe yana cewa man giyar nan na tsawon rayuwar mota ne, amma ZF da ya ƙera ta ya taɓa ba da shawarar a sauya shi tsakanin kilomita 80,000 da 120,000, ko bayan shekara 8. Zafin da muke sha a watannin Maris da Afrilu, inda yakan kai digiri 40 a wurare da dama na Arewa, da cunkoson cikin gari, suna tsufar da mai da wuri. Man da ya dace da ita shi ne ZF Lifeguard Fluid 8 ko wanda ya cika ƙa'idarsa, kuma filtarta a haɗe take da kaskon ƙasa na roba, don haka tare ake sauya su. Giyar ba ta da sandar awon mai. Ana auna shi ne ta ramin zubawa, inji yana aiki, zafin man kuma yana tsakanin digiri 30 da 50. Bakaniken da bai san wannan ba zai bar maka giya da ƙarancin mai, kuma ƙarancin mai ma kaɗai ya isa ya kawo irin jinkirin da kake ji.

Bayan haka a sa wa motar kwamfuta a karanta lambobin matsala, a kuma duba adadin gyaran da ƙwaƙwalwar take yi wa kowane kuloci. Giyar tana koyon yanayin kulocinta, tana ƙara matsi da lokacin cikawa gwargwadon yadda suka cinye, kuma idan adadin ɗayansu ya yi nisa da na sauran, nan ciwon yake. Ka kuma gwada abin da ka riga ka biya kuɗinsa: sa motar a yanayin Sport, ko tura sandar giya hagu, za ka ji ta fi kuzari ba tare da an taɓa komai ba.

Idan duk wannan ya fito lafiya kuma har yanzu kana so, ka nemi manhajar da aka sani kamar xHP, wadda aka yi wa giyoyin ZF na BMW, ka zaɓi matakin manhajar mafi sauƙi tunda injinka na asali ne. A adana manhajar asali kafin a rubuta sabuwa. A kuma jona batir da caja mai tsayayyen wuta wadda ba ta dogara da wutar gari kaɗai ba, domin idan wuta ta faɗi ana tsakiyar rubutu ƙwaƙwalwar na iya mutuwa, kuma a wannan giyar tana ciki ne a haɗe da bawul, cikin mai, sai an sauke kasko kafin a kai gare ta.

TAMBAYA: Malam Injiniya, barka da ƙoƙari. Camry ce gare ni ƙirar 2008, ƙanena kuma yana da Corolla ƙirar 2015 da ta zo daga Amurka. An ce mana ana iya yi musu irin wannan aiki. Daga wata mai karatu a Sakkwato.

AMSA: Hajiya, barka kadai. Ban ba ki shawarar kashe kuɗi a nan ba. Abin da ake yawan yi wa irin Camry ɗinki da sunan sauya manhaja shi ne goge abin da giyar ta koya, sai ta yi kwanaki tana shiga dabam, daga baya ta koma yadda take. Wannan gogewa tana da amfani ne bayan an yi gyara a cikin giyar. Ki tabbatar man da ake zuba mata Toyota WS ne, domin jan man da ake sayarwa a matsayin na kowace mota yana sauya yadda kuloci ke kamawa.

Ita kuwa Corolla ta ƙanenki, yawancin na 2015 da aka sayar a Amurka giyar CVT gare su, mai aiki da bel na ƙarfe tsakanin kwarkwaro biyu. Ba ta da matakai na gaske da za a ƙarfafa, kuma idan ya ji tana fizga ko tana zamewa, ya kai ta a duba man CVT ɗinta na musamman da kuma zafin da take yi.